Shinkafar 'Yan Taya Murna

Da aka ce na ci zaɓe, tukunya biyu na ɗora.

Kujerar ba wata babba ba ce, kada wani ya ɗauka ina cika baki. Makarantar firamare ce a Cheetham Hill, cikin Manchester, inda autata ke karatu. Kowace makaranta a ƙasar nan tana da kwamitin da ke sa mata ido, shi ke duba yadda ake tafiyar da ita, shi ke tuhumar shugabar makaranta in abu ya karkace. A cikinsa akwai kujerar da iyayen yara ke zaɓar ɗayansu ya hau, wa'adin shekara huɗu. Ba albashi, ba mota. Shayi ne da biskit a ɗakin malamai, sai tulin takardu. Amma ni 'yar kansila ce, kuma jinin nan ba ya barin mutum ya zauna lafiya.

Mahaifina ya yi kansila a Funtuwa ina yarinya. Jawabinsa ko ɗaya ban riƙe ba, cikar gidanmu na riƙe. Ranar da ya ci, tun ba a gama sanarwa ba matan unguwa suka shigo da guɗa, wata da tukunya a ka, wata da itace a hammata. Maza suka cika zaure har waje. Har waɗanda kowa ya san ba shi suka zaɓa ba sun zo, suka ci tuwo suka suɗe hannu, suka ce Allah ya taya riƙo, ko kunya babu. Da ya faɗi a zagaye na gaba ma an zo, aka shimfiɗa tabarmi aka zauna jaje. Don haka a sanina zaɓe abu ne da ke kawo mutane ƙofar gidanka, ko ka ci ko ka faɗi.

Ni kuwa a lokacin mutane nake nema. Mijina ya rasu, babban ɗana ya tafi jami'a a Birmingham, daga ni sai auta a bene. Aikin kula da tsofaffi nake yi, gida-gida, in wanke wannan, in ba wancan magani. Sai in yi kwana da kwanaki ban yi Hausa da babban mutum ba. Auta kuwa in na yi mata Hausa, da Turancin Manchester take amsa mini, ta hanci.

Abin da ya tunzura ni ƙofar makarantar ce. Ba a buɗe ta sai dab da shiga aji, alhali rabin iyayen unguwar tun da sassafe suke fita, wasu manyan sitocin kaya, wasu asibiti. Sai ka tarar da yara tsaye jikin ƙarfen ƙofa cikin ruwan sama, jaka a baya, tawa 'yar na cikinsu. Na yi magana a ofis aka ce sai kwamiti. Na ce to ina ƙofar kwamitin take, ni ma in shiga.

Na yi kamfe irin wanda na gani a gida. Na nemi a sauya mini lokacin aiki, na tsaya a bakin makaranta ina gaisawa da kowa, ina tambayar gida da yara da gajiya. Matan Somaliya suka yi mini dariya suka ce za su zaɓe ni. Wata Baturiya ta riƙe jakarta da kyau, ta ɗauka wani abu nake tallatawa. Ashe duk wahalar banza nake sha, don ba wanda ya fito nema sai ni. Babu ma ƙuri'ar da aka kaɗa. Sakamakon ya fito a saƙon da makaranta ke turo wa iyaye ta waya duk Juma'a, layi ɗaya, a ƙarƙashin sanarwar cewa an ga ƙwarƙwata a aji uku.

Duk da haka ci ci ne. Na sa labarin a zauren matan Hausawa na waya, aka yi ta turo mini hoton tafi. Ranar Asabar na dafa shinkafa dafa-duka tukunya biyu, na soya kaji, na haɗa zoɓo. Na aro kujeru a wurin maƙwabciyata, na jera su a falo jikin bango. Na sa leshina, na kafa ɗauri, na zauna.

Ginin namu tsoho ne, duk wanda ya taka matattakala sai ka ji. Da na ji taku sai in gyara zama in juya wajen ƙofa. Takun ya wuce sama. Wani ya zo, ya wuce ƙasa. Da la'asar auta ta fito daga ɗaki ta dubi kujerun ta dube ni.

Ta ce, "Mama, wa muke jira?"

Na ce, "Mutane."

"Kin gayyace su?"

Na ce, "Ke, rufe mini baki. A ina kika taɓa jin an gayyaci 'yan taya murna?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ce ai a nan ba mai zuwa gidan wani sai an ce masa ya zo, kuma an faɗa masa ƙarfe nawa. Yarinya ƙarama, amma ta fi ni sanin garin. Ni kuwa in na ɗaga waya na ce wa mutum zo ka taya ni murna, ai ba murna ba ce kuma, bara ce. Da magariba na mayar wa maƙwabciya kujerunta. Shinkafar na zuba a robobi na jera a firiza, muka yi ta ci har auta ta ce in ta ƙara ganin dafa-duka za ta yi kuka.

Aikin dai na yi shi, wannan ba mai ƙwace mini. Ba na jin rabin kalmomin da ke cikin takardunsu, amma ba na jin kunyar cewa a maimaita. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai sanyin murya, in na ɗaga hannu sai ya cire tabarau ya murza ido. Oho. Na yi ta nacin maganar ƙofa taro bayan taro, har aka buɗe ɗakin cin abinci da sassafe, aka sa mutum biyu su zauna da yara, ana ba su burodi da madara. Ranar farko na leƙa ta taga kafin in ruga in kama bas, na ga auta ta cire rigar ruwa tana shafa bota. Na yi kuka a bas, kuma ba wanda zan faɗa wa dalili.

Zaɓe na biyu an yi shi da gaske. Wani mutum mai aikin banki ya fito, mai iya tsara magana, aka raba takardun ƙuri'a a jakunkunan yara. Na kayar da shi. Iyayen da ke fita da sassafe ba su manta ba. Wannan karon na ce wa kaina na yi hankali, tukunya ɗaya na ɗora, wai don mu kaɗai. To amma me ya kai ni share matattakala tun daga ƙasa? Ɗana ya kira daga Birmingham ya ce yana alfahari da ni, yana da jarrabawa. Wata ƙawata Bakanuwa ta ce za su shigo in an samu sarari. Na san aiki ne ya riƙe su, kowa da nasa lokacin, wani dare wani rana, kuma ni ma sau nawa aka yi suna ban je ba. Na san duk wannan. Amma na ji haushi, kuma wallahi har yau in na tuna ina ji.

Na uku ban ma samu tsayawa ba. Auta ta riga ta wuce sakandare, kuma kujerar ta masu yaro a makarantar ce. A taron ƙarshe aka ba ni kati da furanni, shugabar makaranta ta rungume ni, dattijon ya ce za a yi kewar tambayoyina, ƙarya yake. Na fito na bi ta gaban ɗakin cin abincin, a kulle, fitila a kashe. Mahaifina da ya rasa kujerarsa an zauna masa a tabarma. Ni na hau bas da furanni a cinya, na isa gida na rasa kwalbar da zan sa su.

Shekaru suka ja. Auta ta tafi karatu, gwiwoyina suka fara ba ni labari, ɗana ya matsa in dawo wurinsu a Ladywood. Yanzu a Birmingham nake, aikina kai jikata makaranta da ɗauko ta. A bakin makarantar na san wata yarinya 'yar Jos, ba ta daɗe da zuwa ƙasar ba, aikin kula da tsofaffi take yi kamar yadda na yi. Ɗanta ajinsu ɗaya da jikata. Ta ji ina yi wa jikata faɗa da Hausa, ta juyo da sauri ta ce, "Mama, sannu!" Daga nan muke gaisawa. Sau ɗaya na je ƙofarta ɗauko jikata.

Wata Juma'a surukata tana karanta saƙon makaranta a waya, sai ta ce, "Mama, ƙawarki ta ci zaɓen wakiliyar iyaye." Ta wuce zuwa maganar kuɗin abinci.

Washegari da azahar na fito da leshin nan. Ya ɗan matse ni, amma ya shiga. Ɗana ya gan ni ina kafa ɗauri ya ce, "Mama, ina zuwa?" Na faɗa masa.

Ya ce, "Kin kira ta? Kin san fa a nan ba a zuwa gidan mutane haka kawai."

Na ce, "Ni za ka faɗa wa?"

Na sayi katan ɗin lemo a shagon ƙasa, na ja ƙafa zuwa gininsu. A cikin lif zuciyata ta fara raya mini cewa ɗana ya yi gaskiya, wataƙila tana wurin aiki, wataƙila ta buɗe ta tsaya tana kallona. Da na fito sai na ji ƙamshin dafa-duka ya cika barandar. Na ajiye katan, na riƙe hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda rabona da ita tun Funtuwa. Muryar ta tsufa, ta karye a tsakiya. Wani Bature ya buɗe ƙofarsa ya leƙo, na ce masa lafiya lau, ya koma.

Ta buɗe. Atamfarta ta zuwa coci ce a jikinta, da ɗauri, da jan baki. A bayanta kujeru ne jere jikin bango, ba iri ɗaya ba, da gani na aro ne. Ba kowa a kansu.

Na ce, "'Yata, Allah ya taya riƙo."

Sai ta durƙusa ta riƙe hannuna biyu.

Na zaɓi kujerar tsakiya na zauna. Ta zubo mini shinkafa da cinyar kaza. Na tambaye ta me ya kai ta neman kujerar, ta ce yaran da suka zo ba su jin Turanci ana ajiye su a bayan aji kamar kaya. Na ce da kyau, ki yi naci, kada ki ji kunyar cewa a maimaita. Muka yi hira, muka yi dariya. Amma duk lokacin da lif ya yi ƙara sai maganarta ta tsaya, ta gyara zama ta juya wajen ƙofa. Na dai san a kicin akwai tukunya ta biyu da ba a taɓa ba, kuma na ga robobin a kan firiza.

Likita ya hana ni shinkafa da yawa, kuma na ƙoshi tun faranti na farko. Lif ya sake yin ƙara, ya wuce sama. Ta dawo da idonta kaina.

Na miƙa mata farantin na ce, "Ƙaro mini."