Ranar da na hau soro da tiyo a baki

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. In na ɗauki biro sai in ajiye, ina tsoron kada ya zama gulma, ga shi karatuna bai wuce firamare ba. Amma abin ya ƙi barin zuciyata.

Ina noman rani a fadamar Saji, albasa da ɗan tumatir. Bara da zafi ya tsananta, ruwan rijiyata ya yi ƙasa, injin ban-ruwa ya daina jawowa. Sai ƙara yake yi, bakin tiyo ko ɗigo babu. Na aro babban inji wajen surukina a Dawaki, shi ma haka. Da na bi dabarar maƙwabta, na haƙa rami gefen rijiyar na saukar da ƙaramin injina ciki, sai ga ruwa. Abin ya tsaya mini a rai. Me ya sa ƙarfi bai yi ba, saukowa ta yi? In ruwan ya ƙara ja da baya, haƙa zan yi ta yi? Ƙasar wajen yashi ce, kullum ina hango ramin ya rufta da ni.

Aminina na faɗa wa, wanda muka tashi tare tun makarantar allo, yanzu direban motar haya ne tsakanin Rano da Kano. Mun saba irin wannan musu a zaurena, daga ni sai shi.

Ya ce, "Mutumina, injin surukinka ne ya tsufa."

Na ce, "Sabo ne fa. Ni ina ganin zuƙo ruwa yana da iyaka, ko waye ke zuƙowa."

"To, Malam Injiniya, wa ya kafa iyakar? Hakimi?"

Muka yi dariya, na ce mu gwada. Na samo siririn tiyo irin na magina, muka tsoma bakinsa a bokitin ruwa. Na hau turmi na zuƙa, ruwa ya zo da sauƙi. Na hau katanga, ya zo da ƙyar. Da zan hau soro ya ciro waya ya ce bari ya ɗauki bidiyo, zai tura wa ɗan yayarsa da ke karatun injiniya a Kano.

Na ce, "Amana fa, shi kaɗai."

Ya ce, "Haba, ni ne fa."

Na hau, na zuƙa har kumatuna suka lotsa, idanuna suka yi ja, ruwa bai iso ba.

Ranar kasuwar Rano ina saukowa daga babur mai shayi ya ɗaga murya: "Ga mai tiyo! A haɗa maka shayi, ko daga soro za ka zuƙa?" Aka miƙo mini waya. Ni ne, an sa kiɗa a kai. Har wajen suna a Kibiya na tarar ana kallo. Mai ɗakina a bakin mata ta ji.

Na sami aminin nawa a tasha yana jiran lodi. Ya ce, "Wasa ne fa, kai komai sai ka ɗauka da zafi."

"Ɗan yayar taka me ya ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ban tura masa ba tukuna."

Wannan ta fi dariyar mutane yi mini ciwo. Na yi ta binciken kaina ko na taɓa yi masa wani laifi, ban samu ba. Muna gaisawa, don ba na son gaba, amma tabarmar zaure na naɗe ta.

Ga rani ya dawo, ruwan ya fara sauka, ni kuma ba ni da wanda zan tambaya. Don Allah, mai karatu, in ka san abin da ke hana inji zuƙo ruwa in ya yi nisa, da yadda ake yi ba tare da mutum ya shiga ramin yashi ba, ka aiko mini ta hannun 'yan albasa na kasuwar Rano. Ba sai na faɗi sunana ba. Ka ce a ba mai tiyo, kowa ya san shi.