Malam Abdulghani Mai Kwance Layu

Wata rana bayan sallar isha'i, a shekarar 2004, mutanen lungunmu na unguwar Kurayyat a Jidda suka ji wata murya tana saukowa daga sama, mai kauri, kamar ana magana daga cikin rijiya. Mata suka rufe tagogi. Lawali tela, mutumin Maraɗi, shi ya yi ƙarfin hali ya ɗauki tocila ya hau saman gidan da muryar take fitowa. Ya tarar da Malam Abdulghani ya zura kai cikin tsohon tankin da babu ruwa, yana cewa, "Jama'a, salamu alaikum," yana maimaitawa.

"Malam, lafiya? Ko aljanun tanki kake yi wa wa'azi?"

"Koyon magana nake, Lawali. So nake in ji yadda muryata take."

Gaskiya ya faɗa. Shekara ashirin da tara ya yi a wata maɗaba'a a unguwar masana'antu, yana jera baƙaƙen dalma ɗaya bayan ɗaya. Rugugin inji ya cinye rabin jinsa, ya koya masa magana da hannu. Satin da ya ajiye aiki ne ya shiga tanki.

Tun daga nan kwanakinsa suka sami tsari. Ya yi asuba, ya sha shayi, ya buɗe akwatin mahaifinsa, wanda ya zo hajji a ƙafa daga Damagaram. A ciki akwai tsofaffin littattafan waƙoƙi na ajami da na Larabci, takardarsu ta yi ja kamar an sa mata lalle. Yakan karanta har hantsi. Da wata ya kama kuma, sai ya goya jaka irin ta 'yan makaranta: littafi uku, dabino, gorar ruwa, iƙama, wato takardar izinin zama, a cikin leda, da gilashin ƙara girman rubutu. Ya hau mota ta hanyar kudu, ya sauka inda kwalta ta ƙare, ya ci gaba a ƙafa.

Ƙauyukan da yake nema su ne inda jikokin alhazanmu na da suka zauna, waɗanda suka zo ba su koma ba. Fuska tamu, noman dawa namu, harshe ya koma Larabci. Bayan la'asar yakan tsaya a gabansu ya yi musu bayanin garuruwan kakanninsu, sa'an nan ya karanta waƙa. Wani abin mamaki, yakan juya littafin ya fuskanci mutane, shi kuma ya karanta shi a kife. Aikin dalma ne ya koya masa haka. Ya ce gara su ga baƙaƙen da idonsu, kada su ɗauka daga kansa yake ƙirƙirowa.

Jabiru direban motar kayan lambu, wanda yakan rage masa hanya, shi ya ga abin da ya faru a gidan Hajja Mastura. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, Hausarta ta kakkarye. A saman ƙofarta akwai wani ƙunshin fata na mahaifinta. Kusan kowane gida a ƙauyen yana da irinsa. An taɓa kai wa limaminsu ɗaya, ya ga baƙaƙen Larabci ne amma maganar ba Larabci ba, sai aka yanke cewa layu ne, aka rataye, aka hana taɓawa.

Kwana uku Malam yana roƙonta.

"Ya waladi, in ka kwance gidana ya faɗi, kai ka gina?"

"Ni zan gina, Iya."

"Da wannan ƙafa taka kamar kara? Halas, kwance."

Ba laya ba ce. Wasiƙa ce da mahaifinta ya rubuta wa yayansa, bai sami mai kai ta gida ba. Yana gaya masa cewa matarsa Uwani ta rasu a bakin teku kafin su ƙetaro, kwana tara bayan ta haihu, shi kuma ya rungumo jaririyar a cikin rawaninsa. Hajja Mastura ba ta taɓa jin sunan uwarta ba, mahaifinta bai taɓa iya furta shi ba. Ta ce, "Uwani," ta sake cewa, "Uwani." Ta ɗaga kai ta dubi ƙusar da ke saman ƙofa, ta ce, "Shekara tamanin ina wucewa ƙarƙashin uwata."

Kafin ya ninke takardar ta riga ta fara marmashewa a tafinsa. Haka suke duka: an kwance, karatu ɗaya ne, sai gari.

Malam Abdulghani, kai ne ka ba tsohuwa sunan uwarta kafin ta mutu, wata biyar kacal tsakani. Kai ne ka kwana a masallatan da babu fanka, ka tsaya a shingen hanya ana juya iƙamarka ana tambayar me tsoho ke nema a daji. Mai tafiya da ƙafar uba, ba wanda ya aike ka.

Ga inda abin yake da ciwo. Duk komawar da ya yi, sai ya tarar an rage tsoho ɗaya. Samari sukan saurara don kunya, su ce, "Ya ammi, faɗa da Larabci." Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa ranakun Alhamis don ya koyar da karanta tsohon hannu. Mutum huɗu suka zo, suka koma ɗaya, wannan ɗin ma kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, ya mayar da shi wani gari. Sai ciwon suga ya sauka a idonsa. Bara, a wani ƙauye, ya ɗauki ƙunshi a gaban mutum arba'in, ya kai gilashi kan ɗinkin fatar, bai ga komai ba sai hazo. Bai kwance ba. Ya ce, "Ku yi mini afuwa," ya goya jakarsa. Ita ce tafiyarsa ta ƙarshe.

Mutanen ƙauyuka ba su yarda ya daina ba. Suna sauke ƙunshinsu daga ƙofa suna bai wa Jabiru. Yanzu sittin da ɗaya ne a kwali ƙarƙashin gadon Malam. Ya hana a kwance ko guda, ya ce sai mai karantawa yana zaune.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya sanyaya idon nan. Ku kuma 'yan'uwa, a Jidda akwai ɗaruruwan da suka yi karatun allo. Ba masu iyawa aka rasa ba, mai zama aka rasa. Ni ajami ya gagare ni tun ina yaro, da na zauna. Bakinsa da kansa lafiya lau, zai iya nuna wa mutum hanya. Alhamis ɗaya a wata ma wani abu ce.

Jiya da yamma muna zaune a ƙofarsa Jabiru ya sauke wasu uku. Malam ya shafa su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ya sansana fatar. Na'ibi mai shagon kusa da shi ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "To Malam, in masu su suka zo tambaya, me za mu ce musu an rubuta?"