Gyaɗar Ranar Laraba

Jiya Malam ya fara rubuta sunayen masu shiga wasan kwaikwayo, sai na tuna Kaka, Allah ya jiƙanta. Laraba da la'asar ake gwaji a makaranta, daidai lokacin da muke ɓare wa mutane gyaɗa mu sami na miya. Bara ta ga ina ta kallon ƙofa, sai ta ja ƙwaryata gabanta.

"Tashi, marar baki, ki je su koya miki magana."

Na dawo na tarar yatsunta sun tsage, tana shafa musu man shanu.

Bana ni kaɗai ce. Duk da haka na ba da sunana. Da asuba zan riƙa ɓare rabona. Allah ya sanyaya makwancinki, Kaka, ya ƙarfafa muryata.