Motar da Aka Liƙe Kamar Rumbu

Mahaifina ya rasu a tsakiyar bazara, kafin ruwan fari ya sauka a Daura. Ya bar ni, ya bar Umma da cikin wata biyu, ya bar gidan da muke ciki da gona ɗaya a hanyar Zango, sai kuma motarsa. Ni kaɗai ce 'yarsu a lokacin. Na gama sakandare ina zaune a gida ina jiran sakamako, ba ni da abin yi sai karance-karance da kallon taga.

Motar tsohuwa ce, 'yar Kwatano, ruwan toka, doguwa mai buɗaɗɗen baya. Baba malamin firamare ne, ya daɗe yana burinta kafin ya same ta. Kowace safiya bayan ya dawo daga masallaci sai ya buɗe gareji, ya ɗaga bonet, ni kuma in zo da buta in zuba ruwa a lagireto har ya ce ya isa. Sannan ya tashe ta, ya bar ta tana gurnani a hankali yayin da yake shan koko. Da wannan ƙarar gidanmu yake farkawa.

Yana da abokai biyu da mota ta haɗa su. Ɗaya tsohon direban ƙaramar hukuma ne da ya yi ritaya ya koma gyare-gyare, kowa Direba yake ce masa. Ɗayan kuwa Alhaji ne daga Mai'adua, dillalin motocin da ake shigo da su ta kan iyaka, shi ya samo wa Baba tasa. Bayan La'asar sukan shimfiɗa tabarma a ƙofar gareji, tagar ɗakina kuma tana saman kansu, don haka hirarsu duk a kunnena take ƙarewa.

"Wannan motar," in ji Alhaji, "wata tsohuwa ce mai ita a can Turai. Kasuwa kawai take zuwa da ita ta dawo."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah," Direba ya ce. "Mota nawa ka sayar a garin nan? Kowacce ta tsohuwa ce. Su samarin Turai a ƙafa suke yawo?"

"Kai dai baƙin cikinka ba a hannunka aka saya ba."

"Da ni na je da na ɗaga kafet na duba ƙasanta. Kai fenti kake kallo, kamar mai zaɓen atamfa."

Baba ba ya shiga musun. Dariya kawai yake yi, yana goge madubi da gefen hannun rigarsa.

Bayan addu'ar bakwai, wan Baba, wanda nake kira Baffa, ya tara mu. Manomi ne kuma limamin ƙauyensu a yankin Zango, mutum mai sanyin murya da ba ya maimaita magana. Ya ce ba za a raba gado ba sai Umma ta sauka, domin ba a san abin da ke cikin ba. Idan namiji ne, shi Baffa ba shi da komai a dukiyar. Idan mace ce, yana da ragowar abin da ya saura bayan namu. Shekarun nan ne da aka dawo da shari'a a jiharmu, wa'azin haƙƙin marayu yana tashi daga kowane masallaci, shi kuma ya ga an ɗora masa tsaron dukiyar da wataƙila yana da rabo a ciki. Na fahimci tsoronsa tun a ranar. Ba ya son ko mutum ɗaya ya buɗe baki ya ce ya taɓa.

Washegari ya tsaya a ƙofar gareji da makullin motar a hannu, abokan Baba biyu suna gefensa. Ina jin su ta taga.

"Malam," Direba ya ce, "ka bar mini makullin. Ko sau ɗaya a mako in tashe ta, in zaga da ita bayan gari in dawo. Mota in ta zauna mutuwa take yi."

"Da man wa za ka zaga?"

"Ni zan zuba."

"Tayar fa? Abin da titi ya ci za ka mayar mata? In kuma ka gogi bango, wanda ke cikin ciki ne ya ba ka izini?"

"Shekara talatin ina tuƙi ban gogi bango ba."

"Ka gogi jaki dai," in ji Alhaji. "A gabana, a hanyar kasuwa."

"Jakin ne ya goge ni."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Alhaji ya gyara murya ya ce to, in ba za a tashe ta ba, a cire batir, a ɗora ta a kan bulo don tayoyin su huta, a bar ƙofa tana shan iska.

"Ba za a cire ko kusa ɗaya ba," Baffa ya ce. "In an fara cire-cire, gobe a ce wan mamaci ya fara kwasar kaya. Ni abin da na sani, duk abin da kake so ya kai baɗi, rufe shi ake yi."

"Malam, wannan fa ba gero ba ce."

"Amana ce. Na san yadda ake ajiye amana."

Ya kuwa ajiye ta yadda ya iya. Ya barbaɗa toka kewaye da tayoyin saboda gara. Ya cika kujerun da ganyen darbejiya kamar yadda ake yi wa hatsi. Ya rufe gilasai ruf, ya lulluɓe ta da tamfol ya ɗaure da igiya. Da ya ja ƙofar kwanon ya sa kwaɗo, sai ya kwaɓa laka da hannunsa ya bi duk wata kafa ya liƙe, har da ƙaramar tagar da ke sama, kamar yadda ake liƙe bakin rumbu. Ya naɗe makullan a takarda a gaban shaidu ya sa a gafakarsa.

Daga nan gidan ya yi shiru. Umma tana takaba, ga laulayi, yawancin yini tana kwance fuskarta na kallon bango. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta raguwa har ya zama sallama ɗaya ko biyu a mako. Direba da Alhaji sun ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Sukan shimfiɗa tabarmar a gaban rufaffiyar ƙofa, su tambayi lafiyar Umma, su fara zancen wata mota da aka kawo, sai zancen ya mutu a tsakiya. Babu abin dubawa, babu abin musu. Alhaji ya fara ɗaukewa, daga baya Direba ma sai ranar Juma'a.

Ban gaya wa kowa abin da ke raina ba. So nake idan an zo rabo in ce a ba ni motar a kasona. Ban iya tuƙi ba, a unguwarmu ma ban taɓa ganin mace a bayan sitiyari ba. Amma ina so ta zauna a gidan, a riƙa tashinta da safe, wanda za a haifa ya tashi da ƙarar a kunnensa, tunda muryar mai ita ba zai taɓa ji ba. Duk abin da nake buƙata shi ne ta rayu wata bakwai.

Damina ta zo da ƙarfi a shekarar. Bangon ɗakina ɗaya ne da na gareji. In ana ruwa da rana nakan jingina da shi da littafi a cinya, in kasa karanta ko layi ɗaya, ina sauraron wani ɗigo da ke sauka a kan tamfol a ɗaya gefen. A raina nakan ga motar a cikin duhu kamar saniyar da aka ɗaure aka manta da ita. Wani lokaci in ƙirƙiro mana tafiya, ni da Umma da jariri, mu bi hanyar Dutsi gilasai a sauke, gero ya yi kore hagu da dama. Ban taɓa iya ganin wanda ke tuƙin ba.

A tsakiyar watan marka wani wari ya fara ratsowa ta bangon, irin na rigar da aka ninke da danshi. Ranar Juma'a na kai wa Direba ruwa a ƙofar gida, na durƙusa na gaya masa. Ya daɗe yana kallon lakar da ta bushe a jikin ƙofar.

"'Yata," ya ce, "ni an riga an ce mini a'a a gaban mutane. Ke ce mai haƙƙi. Ki gwada."

Da Baffa ya zo da buhun masara a makon da ya biyo, na same shi a zaure. Ban taɓa roƙonsa komai ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

"Baffa, garejin yana yoyo. Ina jin ɗigo."

"Na lulluɓe ta da tamfol, Uwata."

"Ko buɗewa a yi ta sha iska, a mayar."

Ya ja carbinsa, sannan ya ce, a hankali, "In na fasa lakar nan ba tare da mai rabo ba, wa zai shaide ni cewa abin da na rufe shi na tarar? Ke kin yarda da ni. Ɗan uwanki da ke zuwa bai san ni ba tukuna. Ki yi haƙuri, saura kaɗan."

Na ce to. Ban san wata kalma da ake faɗa wa Baffa bayan wannan ba.

Umma ta sauka bayan an gama yankan gero. Mace aka samu. Kwana biyu bayan suna Baffa ya zo da malamin da zai yi rabo, aka kira Direba da Alhaji. Ina tsaye a bakin zaure, a bayan labule, lokacin da ya sa fartanya ya fasa lakar.

Warin ne ya fara fitowa. Tamfol ɗin ya tara ruwa a tsakiya ya riƙa tsiyayar da shi ta gindin gilashin gaba. Ganyen darbejiyar ya ruɓe ya manne da kujeru, rufin ciki ya yi furfura. Tayoyi uku sun kwanta. Batir ya zubar da ruwansa ya ci ƙarfen da ke ƙarƙashinsa, ɓeraye kuma sun yi sheƙa a cikin wayoyi. Gara kaɗai ce ba ta taɓa ta ba. Tokar ta yi aikinta.

Direba ya cire babbar rigarsa ya ba Alhaji. Ya kawo wani batir ya haɗa, ya murɗa makulli. Wata 'yar ƙara ta fito, ƙas, shi ke nan. Ya sa sifana a gaban injin ya danna da duk ƙarfinsa, bai motsa ba.

"Ya cije," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Da ma tana ɗan shan ruwa ta ciki, marigayi ya sani. In ana tashinta kullum zafi yana ƙone shi. Da ta zauna sai ya kwanta ya yi tsatsa."

Alhaji bai tsokane shi ba.

Aka koma zaure. Malamin ya nemi Alhaji ya yi wa motar ƙima, tunda sana'arsa ce. Alhaji ya sosa ƙeya ya ce ƙima biyu ce: akwai ta ranar da aka rufe ta, akwai ta yau, kuma tsakaninsu da nisa.

"A rubuta ta ranar da na rufe ta," in ji Baffa. "A sa ta a kasona."

"Malam, za ta cinye kason naka kusan duka," malamin ya ce. "Ba a tilasta maka ba. Ba da gangan ka yi ba."

"An gaya mini. Mutum uku suka gaya mini, har da ita." Ya nuna labule da haɓarsa. "A rubuta."

Malamin ya ɗaga murya ya tambaya ko akwai mai magana a cikin magada. Maganar tana bakina, wata bakwai ina riƙe da ita. Amma abin da nake so in roƙa ba shi ne ke tsaye a garejin ba. Kuma na dubi Baffa ta gefen labule, na gane in na karɓe motar na hana shi hanya ɗaya da ta rage masa ta kallon fuskar jaririyar nan. Na haɗiye maganar. Aka rubuta.

Da hantsi washegari Baffa ya zo da shanun huɗarsa biyu. Direba ya yi wa tayoyin iska, ya ɗaura igiya a ƙarƙashin gaba, ya shimfiɗa buhu a kan kujera ya zauna yana riƙe da sitiyari. Baffa ya kama akalar da kansa. Shanun suka ja, motar ta fito daga gareji ba ƙara ko kaɗan, sai kukan ƙarfe a ƙafar baya. Maƙwabta suka fito ƙofofinsu suna kallo. Na tsaya a bakin zaure har suka kai ƙarshen layi, suka karya kwana suka nufi hanyar Zango.

Umma ta kira ni daga ɗaki. "Sun tafi?"

"Sun tafi."

"To zo ki riƙe mini ita, in watsa ruwa."

Na shiga na karɓi ƙanwata. Barci take yi, hannunta ɗaya a dunƙule a gefen kunne.