Tsuntsun da Umma Ta Ciyar da Taɓarya

Ƙanena ya haura shekara talatin, kuma yana da larurar galahanga. Ba ya son hayaniya, ba ya son a taɓa shi ba zato, ba ya kallon mutum ido cikin ido. Amma in ya kafa wa kansa doka, to ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai karya ta ba. Bai iya ƙarya ba, bai kuma san dalilin da ya sa mu sauran jama'a muke yin ta ba.

Da likita ya ce sukarinsa ya hau, gabana ya faɗi, domin ciwon nan ne ya cinye ƙafar Babanmu kafin ya tafi da shi. Likita ya ce magani kaɗai ba zai isa ba, sai da tattaki. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi alkawarin tsire. Ƙanena ya dube ni kamar ina magana da bango.

Wata abokiyar aikina a kamfanin alewa da ke Bompai ce ta sa masa wani wasa a waya. Ɗan tsuntsu ne a ciki, abincinsa takun mai wayar. In ka yi tafiya ya ƙoshi, ya yi fiffika. In ka zauna ya langaɓe. Ni dai na ce shirme ne. Sai ga mutumin da na kasa fitarwa da tsire ya ɗaura takalmi saboda tsuntsun da ko miya ba za a yi da shi ba.

Kullum da hantsi yakan fita daga gidanmu na Dakata, ya bi gefen rumbunan ajiye kaya, ya kai bakin kamfaninmu, ya juyo. Hanya ɗaya, ba ya sauya ta. Tumbinsa ya fara sauka. Likita har tafa masa ya yi, shi kuwa ya toshe kunne.

Umma ce kawai ba ta yi murna ba. Duk wanda ya san Dakata ya san tireloli, yadda suke juyawa ba sallama, gindinsu na shara titi. Tun fitarsa take zama a soro da carbi har ya dawo. Ita kanta rabon da ta wuce ƙofar gida tun da ta fita takaba, sai dai asibiti.

Can sai fitar ta tsaya cak. Na tambaye shi, ya nuna mini waya. Tsuntsu ya ƙoshi, har rawa yake yi.

"Ya ci," in ji shi. "In ya ci ba a fita."

"To wa ya ba shi?"

Ya ɗaga kafaɗa. Na ɗauka wasan ne ya lalace. Makonni suka shige, tumbi ya dawo, yawan fitsari ya dawo, ya fara cewa tafin ƙafarsa yana masa kamar ana tsira allura. Haka Baba ya fara.

Ran nan injin kamfani ya tsaya, aka sallame mu da sassafe. Ina shiga gida na ji daka. Umma ce a gaban turmi, ta ɗaure wayar ƙanena a damtsenta da tsohon ɗankwali, tana kirɓa gero da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Duk saukar taɓarya, tsuntsu na samun loma.

Na sandare a tsakar gida. Wallahi da ɓarawo na tarar da ban girgiza haka ba. Matar da ko amsa kira sai an danna mata, ita ce ta gano yadda ake yaudarar waya! Wai wata rana ta kai ta caji ɗakinta, ta ga tsuntsun ya motsa a hannunta. Tun daga nan take ɗauke ta bayan asuba, in ya koma barci.

"Umma, me kuke yi haka? Kun san kashe shi kuke yi?"

Ban taɓa yi mata magana da wannan murya ba. Ta ajiye taɓarya, idonta ya kawo ruwa.

"Ke kina wurin aiki. Ni nake zaune ina jin ƙarar birki. Ciwon sukari yana ba mutum shekaru, tirela fa? Autana ne."

Ni ma kuwa ina jin ƙarar birkin nan. Muna cikin haka sai muka ga inuwa. Ƙanena ne tsaye a bakin ɗakinsa, idonsa a kan ɗankwalin. Na shirya wa ihu da buga kai, irin wanda yake yi in an taɓa masa kaya. Bai yi ba. Ya matso, ya daɗe yana kallon turmin.

"Daka ba tafiya ba ce," ya ce.

"Na sani, autana."

"Wanda yake ba shi abinci shi ne mai shi. Yanzu na Umma ne."

Ya koma ɗaki. Zuciyata ta karye, na ce shi ke nan, an rasa tsuntsu an rasa tattaki. Na kwana ina jin haushin Umma, ina kuma jin tausayinta.

Washegari ina gida, don ba a gyara injin ba. Da hantsi ya fito da takalminsa a ɗaure. Ya ɗauki taɓarya ya kai ɗakinsa ya kulle. Sannan ya tsaya a gaban Umma, ya ajiye mata silifas ɗinta da wayar.

"Tsuntsunki bai ci ba. Taso."

Umma ta dube ni, wai in cece ta. Na kau da kai. Ta yi salati, ta yafa mayafi, ta bi shi. Ni ma na bi su a baya, baki buɗe.

A titi ta shiga tsakaninsa da motoci, tana kare shi da jikinta. Da suka kai kwanar rumbunan, mutumin da ba ya taɓa kowa ya kama bakin mayafinta, ya janyo ta gefen katanga. Wata tirela ta karyo, gindinta ya share daidai inda Umma take tsaye.

"A nan ake tsayawa," ya ce mata. "Gobe kar ki manta."