Ranar da Aka Ba da Uwargida a Limawa

Ko gigin tsufa ya kama ni, ba na jin zan manta da abin da ya faru a unguwar Limawa shekarar da aka fara maganar shari'a a jiharmu. Ina ƙaramin ma'aikaci a Dutse, ofishinmu ɗaya da wani bawan Allah Kirista, mutumin Filato, mai sanyin hali, da nake kira Oga. Shi ya koya mini ces, wato darar Turawa. Da yake sunayen 'ya'yan wasan sun ƙi zama a bakina, sai muka raɗa musu namu: akwai sarki, akwai doki, mai kama da hasumiya muka ce soro, babbar cikinsu kuwa uwargida.

Yana da wani tsohon littafi marar bango, cike da wasannin zakarun duniya. Bayan la'asar mukan zauna a zauren gidan da yake haya, mu jera allo mu bi wasa guda taki-taki. Akwai wani wasa da ya hana mu sakat mako biyu. Zakaran ya bar soro an ci, sannan ya tura uwargida har gaban sarkin abokin karawarsa, kamar ba mai kare ta. Nakan daka tsalle in ce, "Oga, wannan mahaukaci ne! Ya ba da soro, yanzu har uwargida?" Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, dokin ne zai ci wasan.

Ashe mai gidan, wani dattijon Alhaji, yana jin mu ta bayan katanga. Me zai fahimta? Ana ba da soro, ana ba da mata, ana ci. Da ya leƙo ya ga takardun da muke rubuta wasa cike da haruffa da lambobi, sai ya ce shi ke nan, caca ce. Ya ba Oga kwana bakwai ya tashi. Matar Oga na da tsohon ciki, ga gari ya ɗau zafi, wa zai ba baƙon da aka kora da sunan caca ɗaki?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne nawa halin. Oga ya same ni a ofis ya ce, "Malam, zo ka yi wa Baba bayani, kai zai fi yarda da kai." Na ce to, in sha Allahu. Ban je ba. Tsoro nake a ce da ni ake cacar, sunana ya ɓaci a masallacin unguwa. Kwana biyar ina zagaye layinsu kamar mai gudun kare.

Rana ta shida kunya ta ishe ni, na tafi. Na tarar Oga ya ɗaure katifa, ya riga ya tura matarsa gida a motar safe. Na durƙusa gaban Alhaji na ce, "Baba, don Allah a ba mu minti goma." Ya harare ni, amma ya zauna, don shi ma a ƙuruciyarsa gwanin dara ne.

Oga ya jera allon. Ya nuna masa sarkin baƙaƙe a lungu, 'yan dakarunsa biyu sun tsaya a gabansa, kafa ɗaya ta rage masa a gefe. Ya ɗauki uwargidan farare ya ajiye ta a wannan kafar. "Dole a ci ta, Baba. Sarki ba zai iya ba, don doki na gadinta. Sai soronsa." Soro ya ci, ya zauna daram a wurin. Sai doki ya yi tsalle guda, wasa ya ƙare. Sarki ba gaba, ba gefe.

Alhaji ya daɗe yana kallo, ya sa aka maimaita masa sau uku. Ya ce, "Ikon Allah! Wannan ai ba abokan gaba suka kashe shi ba. Nasa ne suka toshe masa hanya." Wallahi ji na yi kamar da ni yake. Sannan ya juya ga Oga ya ce, "Ɗana, na zalunce ka. Kwance kayanka." Ya dube ni kuma: "Kai da ka san gaskiya, ina ka shiga tun ranar farko?"

Oga bai kwance ba. Ya yi godiya da ladabi, ya ce takardar neman canjin wurin aiki ta riga ta wuce, kuma matarsa ta rantse ba za ta dawo ba. Ranar da na raka shi tasha ya riƙe hannuna, bai ce mini komai a kan kwanakin nan biyar ba, ya ce dai in gaida gida. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar na koyi cewa idan mutum ya nemi shaidarka, a ranar ake ba shi ita. Tawa gaskiya ce tsantsa, amma na kai ta bayan ya ɗaure kaya.