Tanka da Ƙyaure a Gidan Malam Yusha'u

Direbobin da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa sun san rumfar Malam Yusha'u mai faci a bakin titin Tsafe. Dogo ne, ba ya son yawan magana, kuma ba kasafai yake shiga gidan mutane ba. 'Ya'yansa duk sun girma sun kama gabansu, gidan ya rage daga shi sai matarsa, Inna Kulu.

Wata rana ƙanensa Sama'ila, wanda ke noma a Kwatarkwashi, ya zo da wani ƙaton kunkuru ɗaure a bayan babur. Mai shi zai tashi daga garin, ya rasa wanda zai bar wa. Da aka sauke shi a tsakar gida, Inna Kulu ta ja da baya.

"Malam, mi za mu yi da wanga dutse mai tafiya?"

"Ciyawa kawai shika ci," in ji Malam Yusha'u. "Ki bar shi."

Ya sa masa suna Tanka, saboda girmansa da yadda yake tafiya ba ya kauce wa komai, kamar tankar yaƙi. Kullum da yamma sai ya dawo masa da harawa, ya zauna a kan turmi yana kallonsa yana ci.

Da damina ta kankama, wani direban tirela da ya taso daga Kudu ya tsaya faci. A cikin motarsa akwai ɗan ƙaramin kunkuru da ya tsinta a hanya, duk ya galabaita. Malam Yusha'u ya roƙe shi ya ba shi. Wannan wani iri ne daban: in ya tsorata sai bayan ƙoƙonsa ya rufe ruf kamar ƙofa. Shi ya sa aka kira shi Ƙyaure.

A tunanin Malam Yusha'u, ya samo wa Tanka abokin zama ne. Amma tun a makon farko Tanka ya fara bin ƙaramin yana tunkuɗa shi da wani ƙashi mai kama da ƙaho da ke ƙarƙashin wuyansa. Ƙyaure ya daina fitowa cin abinci, ya koma bayan randa ya lafe. Malam ya ce za su saba.

Ba su saba ba. Ran nan da azahar Inna Kulu ta fito ta tarar da Ƙyaure a kife cikin rana yana wutsil-wutsil da ƙafafu, gefen ƙoƙonsa ya tsage, Tanka kuma yana ja da baya zai sake kai masa karo. Ta ɗauke Ƙyaure da gefen zanenta, ta kira mijinta a waya.

"Ka taho yanzu. Tankanka za shi kashe ɗan mutane."

Malam Yusha'u ya bar taya a kwance, ya garzayo gida, ya sa Ƙyaure a kwali ya hau mota zuwa Gusau. Likitan dabbobi ya wanke tsagar ya sa magani, sannan ya yi masa bayani. Babban na busasshen daji ne, namiji ne kuma, ba ya son kowa a filinsa. Ƙaramin kuwa na wuri mai laima ne, ya fi son inuwa da tsutsotsi da 'ya'yan itace. Dole a raba su, kada ma su riƙa ganin juna.

Malam ya dawo da Ƙyaure gida. Ya kwaso tsofaffin tayoyi daga rumfa ya jera su a tsakiyar gida don su zama shinge tsakanin kunkurun biyu. Tanka ya ture su. Malam ya cika su da yashi, sai Tanka ya koma haƙa. Ramin bai bi ta ƙarƙashin tayoyin ba, ya karkata ya bi ta gindin katanga, har Tanka ya ɓulla a gidan maƙwabcinsu Malam Bulus, malamin makaranta mai ritaya, ya faɗa cikin alayyafon matarsa Asabe.

Malam Bulus ya yi sallama a ƙofar gida yana dariya har da riƙe ciki. "Malam Yusha'u, baƙonka ya zo mana ba sallama, ya kuma ci rabin miyarmu."

Kunya ta kama Malam Yusha'u. Su biyu suka cicciɓo Tanka suka dawo da shi, suka toshe ramin da duwatsu. Suna cikin aikin ne ya ba Bulus labarin abin da likita ya ce. Asabe, wadda ke tsaye tana saurare, ta ce ai bayan rijiyarsu akwai gindin gwaiba, ƙasar wurin ba ta bushewa ko da rani.

"A kawo ƙaramin nan wurina," in ji ta. "Shi dai ba zai cinye mini lambu ba."

Malam Yusha'u bai so ba, don ya shaƙu da Ƙyaure. Inna Kulu ce ta yanke magana, ta ce gara ya rayu a maƙwabta da ya mutu a gidansu. Ita da kanta ta kai shi, da ragowar maganinsa.

Tsagar ta warke, ta bar ɗan tabo. Tanka ya samu tsakar gida shi kaɗai, ya rage rigima, sai dai in ya ga buta a hanya ya kifar da ita. Yanzu Malam Yusha'u in ya tashi daga aiki yakan zuba wa Tanka harawa, sannan ya zagaya gidan Bulus da ɓawon kankana a leda. A can ake shimfiɗa masa tabarma kusa da gwaiba, Asabe ta kawo zoɓo, su yi ta hira shi da Bulus har a kira magariba. Inna Kulu ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa jin ya yi surutu irin na bana ba.